Dangar da ke tsakanin lambuna biyu ta faɗi: wa zai biya kuɗin gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da lambu a bakin fadama, muna iyaka da wani maƙwabcina. Dangar kara ce a tsakaninmu tun zamanin iyayenmu. Iskar farkon damina ta kwantar da ita, na yi masa magana har sau uku mu tayar, ya ce ba shi da hali. Ana cikin haka awakinsa suka shigo suka cinye mini salak da tumatir. Da na gaji sai na sayo waya da turakun ƙarfe na kafa, na ce ya ba ni rabin kuɗin. Ya ƙi, har yana cewa na shigar da turakun cikin gonarsa. Yanzu ko gaisawa ba ma yi. Ina da haƙƙi a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin maganar kuɗi sai an san dangar ta waye. Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ce a Risala ana hukunta katanga ga wanda ɗauri da haɗin ginin suke ɓangarensa. A dangar kara ma ana duba irin wannan: dirkokin a ƙasar wa aka kafa su, ƙullin igiyar ta wane gefe yake, wa aka saba gani yana kawo kara bayan girbi. Idan ta mutum ɗaya ce, ta kuma faɗi da kanta, ba a tilasta masa tayar da ita. Ana ce wa ɗayan, in kana so ka kange naka a ƙasarka. Sai fa in da gangan ya rushe don ya cuci maƙwabci, to nan alƙali zai sa shi ya mayar.

Bayaninka ya nuna taku ta tarayya ce. Abin da Ibn Asim ya kawo a Tuhfa, littafinsa na hukunce-hukuncen alƙalanci, shi ne, wanda ya rushe ta ba da lalura ba shi kaɗai zai gina. In kuwa da dalili ne, sai su gina tare ba tare da tilas ba, in ɗaya ya ƙi sai a raba gurbin dangar, kowa ya kafa nasa. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ce abin tarayya da ba ya rabuwa ana hukunta wa abokin tarayya ya gyara ko ya sayar. Gurbin danga kuwa yana rabuwa, don haka wannan tilascin bai hau kansa ba.

Amma a nan al'ada tana da ƙarfi, don abin da mutane suka saba tamkar sharaɗi ne a tsakaninsu. Idan a garinku an san masu iyaka tare suke tayar da danga duk shekara, wannan ya kawo kara wancan ya kawo dirka da igiya, to rabonsa na wannan aikin yana wuyansa. Dattawa su ƙiyasta abin da dangar kara irin ta da za ta ci, ya ba ka rabi, in ba shi da kuɗi ya biya da aikin hannu ko a jira shi zuwa kaka. Allah ya ce a aya ta 280 ta Suratul Baƙara a saurara wa mai ƙunci har ya samu yalwa.

Rabin kuɗin waya da ƙarfe kam ba ka da shi a kansa. Bai umarce ka ba, bai amince ba, alƙali ma bai yi maka izini ba. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Wayar taka ce, ka mallake ta. Na sha ganin wannan a cikin gari: mai hali ya rushe katangar ƙasa ya ja ta bulo, sannan ya aika wa talakan maƙwabcinsa takardar lissafin siminti. Wannan ɗora wa mutum kayan da bai ɗauka ba ne.

Batun awaki yana da nassi. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. To in da dare suka shigo, zai biya ƙimar abin da suka ci. In da rana ne babu ramuwa, sai idan ya sake su dab da shuka, ko akwai mai kiwo tare da su ya yi sakaci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarka shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato turakun. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai. Muslim kuma ya ruwaito daga Sayyidina Ali cewa Allah ya la'anci mai canza alamar iyakar ƙasa. Ban ce ka yi da niyya ba. Mai haƙa rami yakan kauce wa tushen tsohuwar dirka ya matsa gefe ba tare da ya lura ba. Amma kada ka kwana a kan shakka. Ka kira mai unguwa da tsofaffin da suka san iyakar, a tona a nemo ragowar dirkokin da, ko tushen bini-da-zugu in akwai, a ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Duk turken da ya shiga nasa ka cire shi da kuɗinka, sai in ya yafe da bakinsa a gaban shaidu.

Gaisuwa kuma ka fara yi masa ita gobe da safe, tun kafin a zauna. Ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana 3 bai halatta ba, balle maƙwabcin da Allah ya yi wasiyya da shi a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i. In an daidaita, a rubuta wanda ya mallaki wayar da yadda za a riƙa gyara, kowa ya riƙe kwafi saboda magada. In sulhu ya gagara, ku je gaban alƙali, shi zai ji ta bakin ku biyun. Ni ta bakinka kaɗai na ji.

Allah ne mafi sani.