Amsa ga Malam Sakatare kan kuɗɗin da Alhaji ya yi alkawari

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Malam Sakatare na saurari muryarka, ka ce Alhaji ya yi alkawarin ba ƙungiyarmu kuɗɗi saboda ambaliya, kana tambaya a sai shinkahwa da tabarmi a aje ko mi za a yi. To ga nawa ra'ayi, ku yi min haƙuri in na ja magana.

Shinkahwa tana zuwa, wallahi tana zuwa. NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, na kawowa, SEMA ta jiha na kawowa, masu hali na aikowa, ko Maiduguri da dam ɗin Alau ya ɓalle 2024 kun ga yadda su Ɗangote da BUA sunka ba da tallafi. Amma duk wanga sai bayan kwanaki. Daren hwarko wa ke wurin? Mu ne, 'yan agaji da samarin gari da masunta.

2010 da ruwan Rima ya ci Goronyo da Wurno da Kware har ya cinye gadar hanyar jami'ar Ɗanhodiyo, ina cikin waɗanda sunka tahi ceto. Jirgi guda gare mu na wani masunci, shi ma yana yoyo, yaro na kwalhe ruwa da ƙwarya muna tahiya, ba rigar ruwa ko ɗaya, wayoyi duk ba caji, ga wata tsohuwa bisa soro riƙe da jikanta tana kiranmu kuma ba wurin da za mu sa ta sai da munka je munka dawo. Har yau abin ga na raina.

Don Allah a roƙi Alhaji ya bari a sai kwale-kwale mai inji da rigunan ruwa da tocila, a kira 'yan Red Cross su koya ma yaranmu agajin gaggawa tun rani, a aje kuɗɗin mai a asusun banki, mutum ukku su riƙa sa hannu. Har da ɗan alawus na mai riƙe muna lissahi, na san masu bayarwa ba su cika son wanga ba, sun hi son buhun da za a gani, amma ƙungiyar da ba ta da rasit da rijista ba mai sake ba ta. In yana son abin ya ɗore a je Hukumar Zakka da Waƙafi su nuna mai yadda zai mai da shi waƙafi.

Gobe bayan la'asar zan biyo shagonka mu rubuta kuɗɗin kowane kaya kahin mu je wurinai. Allah shi saka mai da alheri.