Amsa kan lambar tunawa: zubi ko bugu?

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari tambayarka, wai me ya sa lambobin tunawa na tsofaffin cibiyoyin fasaha na Turai suke da tudu da kwari, na yanzu kuwa a shafe kamar kwabo. To ai ba zane kake tambaya ba, ƙira kake tambaya. Hanya biyu ce: ko a zuba, ko a buga.

Zubi shi ne na farko. Pisanello, mai zanen nan na Italiya, a wajen 1438 ya yi wa sarkin Rumawan Gabas, John na takwas, lamba lokacin da ya zo taron shugabannin coci a birnin Ferrara. Faɗinta kusan santimita 10. Da kakin zuma ya sassaƙa, aka ɗauki siffar a cikin ƙasa, aka narka tagulla aka zuba. Maƙeranmu na fari sun san wannan aiki sarai. Kuma dubi yadda ya sa hannu, da Latin ya rubuta aikin Pisano mai zane. Mai zane fa, bai ce maƙeri ba. Zubin ne ya sa hular sarkin da geminsa suka taso haka. Amma zubi yana da cuta: ƙarfe na tsukewa in ya huce, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Idan aka zuba sabuwa daga tsohuwa sai ta ƙara ƙanƙancewa, rubutun ya dushe. Da awo ake kama ta bogi.

Bugu kuma Faransa ce ta mayar da shi aikin hukuma. A 1663 Colbert, ministan sarkin Faransa, ya kafa ƙaramin kwamitin malamai, aikinsu tsara rubutu da alamomin lambobin Louis na 14. Wato malamai su zaɓi magana, mai zane ya zana, mai sassaƙa ya yanka a ƙarfe. A juye ake yankawa, kamar a madubi, in ka manta harafi ya fito a baibai. Kuma duk inda zane ya shiga ƙarƙashin kansa, ƙarfen bugun ba zai saki ba. Mai tudu sosai ba ta fita da bugu ɗaya, sai a buga, a gasa ta yi laushi, a sake bugawa, sau da yawa. Kuɗi ke nan. Yanzu kowa bugu ɗaya yake so, ga amsarka.

In misalin zane marar cunkoso kake so, lambar Nobel ta adabi ta fi nuna abin. Cibiyar adabi ta Suwidin ke bayarwa, Erik Lindberg ya tsara, faɗi milimita 66. A baya akwai saurayi zaune gindin bishiya yana rubuta waƙar da wata mace, alamar ilhama, take rerawa, da layin Latin guda, sai sunan wanda ya ci da na cibiyar a ƙasa. Shi ke nan. Kuma aikin bai kammalu ba sai 1902, waɗanda suka ci a 1901 jira suka yi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne injin rage girma, irin wanda wani Bafaranshe, Janvier, ya yi wa rajista a 1899. Injin ba shi da laifi, kar a fahimce ni a baibai. Amma tun da ya zo, mai zane sai ya yi samfuri kamar faranti, ya cusa gini, ya cusa tuta, ya cusa sunayen shugabanni, a rage shi sau uku ko huɗu, komai ya cakuɗe. Na dā da hannu suke yanka a daidai girman lambar, ido ne ke hana su haɗama.

Don haka in cibiyarku za ta yi, ku fara yanke shawarar zubi ko bugu, da faɗi. Sannan ku buga zanen a takarda daidai wannan faɗin, ku miƙe hannu ku karanta. Harafin da bai karantu ba a cire shi. Shekarar kafuwa kuma ku duba ta sau biyu kafin a taɓa ƙarfe.