Zakara cikin giya: yadda Faransawa ke dafa shi, da abin da za a sa a madadin giyar

Tambaya: Na ga ana yawan nuna wani girkin Faransa mai suna "kok o van" a talabijin. Yaya ake yin sa? Kuma da gaske ne giyar tana ƙonewa gaba ɗaya a wuta? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, sunan ma fassararsa ke nan, zakara cikin giyar inabi. Girkin ƙauye ne, an fi danganta shi da yankin Burgundi, kuma don tsohon zakara mai taurin nama aka ƙirƙiro shi.

Ana yanka zakara mai kilo 2 gida takwas, a jiƙa shi kwana ɗaya a firji cikin kwalba guda ta jar giya, wato mililita 750, tare da karas, albasa, tafarnuwa, tayim da ganyen loriye. Washegari a tsame naman a goge shi, a soya a cikin kitsen naman alade har ya yi ja, a barbaɗa fulawa cokali 2, a juye ruwan jiƙon da ɗan romo, a rufe a bar shi a kan wuta kaɗan. Can ƙarshe ake zuba ƙananan albasa da lemar kwaɗi irin wadda ake ci, bayan an soya su daban. A da har da jinin zakaran ake kaɗa romon don ya yi kauri. Kin ga ke nan ba giyar kaɗai ce matsala ga Musulmi ba.

Batun ƙonewa kuwa, ba gaskiya ba ne. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan dahuwar awa ɗaya kusan kashi 25 cikin ɗari na barasar na nan, bayan awa biyu da rabi kuma kusan kashi 5.

Aikin giyar a tukunyar uku ne: tsami, launi da ƙamshi. Zoɓo zai ba ki biyun farko. Ki jiƙa busasshen zoɓo cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi rabin lita na minti 15, ki tace, kada ki sa sukari. Ki haɗa da ruwan inabi ja marar barasa rabin kofi, romon kaza kofi ɗaya da tumatirin gwangwani cokali ɗaya. A madadin alade, ki yanka naman sa mai kitse ƙanana, giram 150, ki soya shi ya fitar da mai. Ɗanɗanon ba zai zama na Burgundi sak ba, amma a ganinmu yana da daɗinsa.

Zakaran gida ne ya dace, kuma yana son awa biyu zuwa biyu da rabi. Kazar gidan gona minti 45 ta ishe ta, in ta wuce haka sai ta dagargaje.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen suya. In kika sa naman da ruwa a jikinsa, ko kika cika tukunya, ba zai soyu ba, turaruwa zai yi ya fito fari fat, romon kuma ya yi salam. Ki goge kowane yanka da tsabtataccen ƙyalle, ki soya huɗu-huɗu. Wannan ja-jan da ya kama gindin tukunya kada ki wanke shi, ki zuba ruwan zoɓon ki kankare da muciya, nan daɗin yake. Sai wuta: romon ya riƙa ɗan motsi kawai, don tafasa mai ƙarfi tana sa naman ya bushe ya yi zare-zare. Ki guji tukunyar dalma, tsami na cin ta, abincin ya yi ƙarnin ƙarfe. In romon ya yi ruwa, ki kwashe naman, ki murje man shanu cokali ɗaya da fulawa cokali ɗaya ki kaɗa a ciki na minti biyar. Gishiri kuma sai romon ya gama tsotsewa ake daidaita shi.