Masaukin manya zalla a tsohon garin Zanzibar

Malama, kin tambayi yadda ke da maigidanki za ku sami masaukin da ba a karɓar yara a Stone Town, wato tsohon garin tsibirin Zanzibar. Kafin ki biya ko sisi, ki nemi otal ɗin ya rubuto miki daga shekara nawa yake karɓar baƙo, domin wasu daga 16 suke farawa, wasu kuma sai 18. Ki kuma tambaya ko suna da mashaya da kiɗan dare, saboda sau da yawa rashin yara ba ya nufin shiru, sai dai a sauya kukan jariri da hayaniyar manya.

Yawancin irin waɗannan otal-otal a bakin teku suke, wajen tsohon garin, kamar Nungwi da Kendwa can arewacin tsibirin. A cikin tsohon garin, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, tsofaffin gidajen 'yan kasuwa aka mayar masauki, masu manyan ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa da matakala mai tsayi. Lungunan sun yi ƙunci har mota ba ta shiga wasu, don haka akwati a hannu ake kai shi. A ganina ƙaramin gida mai 'yan ɗakuna ya fi, musamman wanda bai kusanci lambun Forodhani ba, inda masu gasa kifi ke cika da dare.