'Yata tana kaɗa bayolin: ko kiɗa zai biya mata kuɗin makarantar kwana a Ingila?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta, shekararmu bakwai a nan, maigidana kuma direban bas ne. 'Yarmu ta biyu shekararta 10, tana aji biyar na firamare. Tun tana 'yar shekara 6 take koyon bayolin, wato gogen Turawa, bana ta ci jarrabawar ABRSM mataki na 4 da maki 132, tana kuma ɗan taɓa fiyano. Malamar da ke koya mata ta ce mu nema mata sikolashif na kiɗa a makarantar kwana mai zaman kanta. Da na leƙa kuɗin makarantun sai da gabana ya faɗi. In ta ci, kyauta za ta yi karatu? Me ake gwada su a kai? Kuma mu Musulmi ne, na ji an ce ana sa su waƙa a coci. Don Allah ki haska mini.

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Maki 132 cikin 150 ba wasa ba ne. A tsarin ABRSM, hukumar da ke shirya jarrabawar kiɗa mataki-mataki, da 100 ake tsira, 120 yabo ne, daga 130 kuma an shiga sahun fitattu. Malamarta ba daɗin baki ta yi miki ba.

Sai dai bari in fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba, domin gara ki ji shi yanzu da ki ji shi bayan kin saka rai. A yawancin makarantun kwana masu zaman kansu na Ingila, sikolashif na kiɗa ba ya ɗauke wa iyaye kuɗin makaranta. Abin da aka fi bayarwa shi ne rangwamen kashi 5 ko 10 cikin ɗari, wasu su ɗan ɗara haka, a haɗa da koyar da yaro kayan kiɗa ɗaya ko biyu kyauta. Akwai ma waɗanda suna kawai suke bayarwa da darasin, babu ko kwabo na rangwame. Ki sa wannan a ma'auni da kuɗin da kika gani. Tun watan Janairun 2025 aka ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, har ta kai makarantar Eton, wadda ta maza ce zalla, ta haura fam dubu 60 a shekara. In an rage miki kashi 10 daga irin wannan, abin da ya saura ya fi albashin ma'aikaciyar jinya na shekara gaba ɗaya.

Da can ba haka abin yake ba, ana samun yaron da za a yafe masa rabi saboda gwaninta. Mafi yawan makarantun nan a rajiste suke a matsayin ƙungiyoyin taimakon jama'a, kuma bayan dokar 2006 da ta matsa musu su nuna amfanin da suke yi wa al'umma, sai suka riƙa karkatar da kuɗin daga lada na gwaninta zuwa tallafin masu ƙaramin ƙarfi. Wannan tallafin shi suke kira basari, kuma a nan kuɗin yake. Ba ya duba iya kiɗa, aljihu yake dubawa. Ma'ajin makaranta zai nemi takardun albashinku ke da maigida, da bayanan banki, da kuɗin haya ko bashin gida, da duk wata kadara. In kuna da gida ko fili a Kano ko Kaduna ku faɗa, domin takardar tana tambayar abin da aka mallaka a ko'ina, kuma ɓoyewa na iya jawo a janye tallafin yarinya tana tsakiyar karatu. Wasu makarantun har gida suke turo mutum. Kowace shekara ana sake lissafi. Amma basari yana iya kaiwa kashi 100, wani lokaci har da kayan makaranta.

To ina amfanin sikolashif ɗin ke nan? Amfaninsa shi ne yana sa makaranta ta so 'yarki. Masu neman basari sun fi kuɗin yawa, kuma yarinyar da shugaban sashen kiɗa ya ce lallai yana son ta a ƙungiyarsa ta sami mai tsaya mata a ɗakin da ake rabo. Saboda haka biyun ake nema tare, takarda biyu, ofis biyu, kuma sau da yawa ranar rufe karɓar takardar basari tana riga ranar gwajin kiɗa da watanni. Na ga iyayen da 'yarsu ta ci gwaji da kyau, sai a lokacin suka tambayi tallafi, aka ce musu an gama rabo tun kaka. Abin ya daɗe yana damuna, domin wasiƙa ɗaya ce da an rubuta da wuri.

Shi ya sa nake cewa lokaci ya fara ƙure muku, ko da yake shekararta 10 kacal. Ƙofofin shiga uku ne: shekara 11, shekara 13, da shekara 16. Makarantun mata zalla da yawa a 11 suke ɗauka, masu haɗa maza da mata kuma sun fi ɗauka a 13. Amma ko na 13 ɗin, da dama suna son a yi rajista a rubuta jarrabawar share fage ta ISEB tun yaro yana aji shida, wato baɗi a wurinku. Jarrabawa ce ta kwamfuta a kan Turanci da lissafi da kaifin tunani. Kiɗa ba ya tsallakar da kowa ita.

Game da gwajin kansa, kusan tsari ɗaya ne ko'ina. Za ta kaɗa kiɗa biyu masu bambancin yanayi da bayolin, ɗaya mai sanyi ɗaya mai gudu, sannan ɗaya da fiyano. Za a ajiye mata takardar kiɗan da ba ta taɓa gani ba a ce ta kaɗa nan take. Za a gwada kunnenta: a buga sauti ta maimaita da murya, a tafa ta tafa. Daga nan sai hira. A shekara 13 makarantu kan rubuta cewa suna son wajen mataki na 5 ko 6, amma a manyan cikinsu yaran da ke zuwa da bayolin galibi sun kai na 7 ko na 8. A yadda take tafiya za ta iya kaiwa. Ki tuna kawai cewa ABRSM ba ta barin yaro ya wuce zuwa mataki na 6 sai ya ci mataki na 5 na ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa, don haka a fara mata shi yanzu.

Akwai wani tarko da nake so ki kauce masa. Tun 2020 ABRSM ta fito da wata jarrabawa da ake ɗauka a bidiyo a tura, kiɗa huɗu kawai, babu karatun nan take, babu gwajin kunne. Jarrabawa ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma yaran da aka bi da su ta nan kaɗai don a tara takardu da sauri, su ne suke daskarewa idan aka ajiye musu sabuwar takarda. Mai gwajin kuwa wannan ɓangaren ya fi sa wa ido, domin yana tunanin ranar da zai raba wa yara sittin takarda ya ɗaga sandar jagorar kiɗa su fara kaɗawa tare. Yarinyar da take mataki na 6 amma tana karatu kamar ruwa, kunnenta kuma a buɗe, ta fi masa mai takardar mataki na 8 da aka haddace mata kiɗa uku shekara guda. Ki sa ta riƙa karanta sabon abu na minti biyar kullum, ko da mai sauƙi ne. Ki kuma sa ta a ƙungiyar makaɗa ta yara a unguwarku, ta koyi jin na kusa da ita.

A hirar ma ba haddar amsa ake so ba. Za a tambaye ta wane kiɗa take saurare, wane wasa ta je ta gani, me ya sa ta zaɓi abin da ta kaɗa. Ki kai ta zauren Bridgewater Hall ta ji ƙungiyar makaɗa ta Hallé, tunda a garinku take. In kuma ta taso tana jin goge ko kukuma a gida, ta faɗa da alfahari. Malamin kiɗa na ƙwarai zai so ya ji yadda tsirkiya ɗaya take fitar da abin da take fitarwa.

Wata dabara da malamai suka sani iyaye ba su sani ba: masu bayolin da fiyano sun yi yawa. Abin da makarantu ke nema ruwa a jallo shi ne masu biyola, da dabul bas (ƙaton goge mai kaurin murya), da basun (wani dogon abin busa), da obo, wadda 'yar'uwar algaita ce a yadda ake busa ta. Biyola ta ɗan fi bayolin girma da kaurin murya, kuma mai bayolin yana iya kama ta cikin 'yan watanni. Ban ce ta bar abin da take so ba. Amma in ta iya cewa "ina kaɗa biyola ma", darajarta ta ƙaru.

Yanzu batun coci, wanda na san shi ya fi tsaya miki a rai. Abin da kika ji gaskiya ne. Yawancin tsofaffin makarantun nan na ɗariƙar Angilikan ne, suna da cocinsu a cikin harabar makaranta, kuma ƙungiyar mawaƙan cocin ita ce abin alfaharin sashen kiɗa. A wurare da yawa an rubuta a cikin sharuɗɗan sikolashif cewa wanda ya samu zai shiga wannan ƙungiya, ya yi waƙa a addu'ar yamma da ta Lahadi da bikin Kirsimeti. Wasu suna ɗaga wa yaro ƙafa in iyaye sun nema, ya biya da ƙarin aiki a ƙungiyar masu kaɗawa, wasu kuma ba sa yi. Hukuncin abin da ya halatta muku ba nawa ba ne, naku ne da malaminku. Nawa shi ne in ce kada ki ji nauyin tambaya, kuma ki nemi amsar a rubuce kafin ki sa hannu. Ki haɗa da tambayar wurin salla, da naman halal, da yadda ake yi wa masu azumi sahur. Akwai kuma wani tallafi daban na yara mawaƙan manyan majami'u, kamar na King's College a Kambirij ko St Paul's a Landan, wanda rangwamensa yake da tsoka. Shi aikinsa kacokan waƙar ibada ce kusan kullum, don haka ban ga ya dace da gidanku ba.

Ki kuma san cewa sikolashif aiki ne aka ba yarinya. Atisaye kafin karin kumallo, atisayen ƙungiya a lokacin da ƙawayenta suke cin abincin rana, wasa da daddare ga aikin aji yana jira, sau da yawa da sharaɗin ɗaukar darasin kiɗa a jarrabawar sakandare ta GCSE, kuma ana duba ƙoƙarinta lokaci zuwa lokaci. Na taɓa shirya wani yaro da ya ci irin wannan a wata makaranta. Yana da hannu ƙwarai, amma mahaifinsa ne yake son abin, ba shi ba. Kafin ya cika shekara 15 ya tsani kayan kiɗan, ga shi ba ya iya ajiyewa, don ya san kuɗin makarantarsa a rataye yake da shi. Tun daga kansa, kafin in karɓi kowane yaro sai na tambayi uwarsa abu ɗaya: in ba ki ce ya ɗauka ba, yana ɗauka da kansa? Ki amsa wa kanki wannan game da 'yarki, tsakaninki da Allah.

In amsar e ce, to ki duba abin da ke bakin ƙofarki kafin ki hango nesa. Chetham's tana nan tsakiyar Manchesta, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Victoria. Makarantar kiɗa ce zalla tun 1969, tana ɗaukar yara daga shekara 8 zuwa 18, da gwajin kiɗa ake shiga, kuma ana iya jeka-ka-dawo. Ita da makarantar Yehudi Menuhin a Surrey, da Purcell a Bushey, da ta Wells a Somerset, suna cikin wani shirin gwamnati na tallafa wa yara masu baiwar kiɗa da rawa, inda iyaye ke biya gwargwadon samunsu, mai ƙaramin ƙarfi sosai ma ba ya biyan komai. Akwai sharaɗin zama a Birtaniya, saboda haka ki kai musu takardun zamanku su duba tun farko. Sai dai rayuwar can ta wanda ya nufi kiɗa a matsayin sana'a ce, awanni na atisaye kowace rana. In kuma makarantar kwana ta gama-gari kike so, ki saka Christ's Hospital da ke Horsham a lissafinki. Tun 1552 aka kafa ta don 'ya'yan marasa ƙarfi, har yau mafi yawan ɗalibanta da tallafi suke karatu, kuma tana ji da kiɗa.

Hanya ta uku ba ta raba ki da 'yarki ko dare ɗaya. Kwalejin kiɗa ta RNCM da ke titin Oxford tana da sashen yara na ranar Asabar, su ma suna ba da tallafi. Sheku Kanneh-Mason, wanda ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016, makarantar gwamnati ya yi a Nottingham, ranar Asabar yana zuwa sashen yara na kwalejin kiɗa ta Royal Academy a Landan.

A wannan zangon, ki zaɓi makarantu uku ko huɗu, ki rubuta wa shugaban sashen kiɗa na kowace ki roƙi ya saurari yarinyar kafin gwaji na ainihi. Yawancinsu suna yin haka kyauta, kuma za su gaya miki gaskiyar inda take. A rana guda ki rubuta wa ofishin ma'aji, ki faɗi jimillar abin da ke shigo muku a shekara, ki tambaya ƙarara ko masu irin wannan samu suna samun cikakken basari a wurinsu, da ranar da ake rufe karɓar takardu. Ki tambayi kuma wa zai biya kuɗin babban bayolin idan ta girme wanda take riƙe da shi, da inshorarsa, da tafiye-tafiyen wasa zuwa ƙasashen waje, domin waɗannan ba kasafai suke cikin takardar farko da ake turo wa iyaye ba.