Amsar Kawu Kan Ci da Sha a Bisa Keke

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai kai da abokanka kuna hawan keke don motsa jiki, kana tambaya ko al'ada ta hana mutum ya ci ko ya sha yana tuƙi, tunda muna tsawata wa yaro in ya sha ruwa a tsaye. Na yi dariya, amma da na ga ka ce sai azahar kuke dawowa, hankalina ya tashi. Bazara ce fa, zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40.

Mu da keke muka nemi abinci. Da kekena ƙirar Rali nake kai kaya kasuwar Wudil ran Juma'a, wajen kilomita 40 daga birni, ana sallame asuba mun kama hanya. Kakarka ba ta barina in fita sai na sha koko da ƙosai, takan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gorar ruwa a kariya, naɗe da jiƙaƙƙen buhu, dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu.

Shekarar fari ta 1973, muna dawowa bayan an sauko daga Juma'a, wani abokin tafiyarmu ya ƙi tsayawa hutu, wai yana sauri. Kafin Mariri muka tarar da shi a gefen titi, keken a kwance. Jikinsa zafi rau, ba ɗigon gumi, yana ta sambatu. Wata Bafulatana mai tallan nono ce ta ce mu ja shi gindin tsamiya. Ta sa muka jiƙa rawaninsa muka lulluɓe shi, tana yi masa fifita da faifan ƙwaryarta. Ta hana a ɗura masa komai sai da ya gane mu, sannan ta dama fura ruwa-ruwa, ta barbaɗa ɗan gishiri, tana ba shi a ludayi kaɗan-kaɗan. Ko kwabo ba ta karɓa ba. Allah ya jiƙanta in ta rasu.

Kakanka da ya ji labari cewa ya yi, matafiyi ba ya jiran ƙishi, kuma gumi da gishirin jiki yake fita.

Ku yanzu ba karin kumallo, sai lemon gwangwani mai sanyi, kuna tsere da rana tsaka. Wa ya aike ku? Zancen sha a bisa sirdi kuwa, mu dai sauka muke yi mu zauna a inuwa, mu yi bisimilla. Ku dawo gida tun da hantsi, kuma ka turo min lambar babban cikinku in yi magana da shi.