Motar da Aka Murƙushe Ba Ta Hawa Jirgin Ruwa

Kai yaro, na ga saƙonka tun la'asar, ban amsa ba ne saboda ina ƙarƙashin Sharon ɗin direban nan na Gujungu, kuma gaskiya tambayar taka sai da ta ɓata min rai tukun. Wai ka gani a waya gwamnatocin Turawa suna biyan mutane kuɗi su miƙa tsofaffin motocinsu su ɗauki sababbi, shine kake cewa "Oga ashe tokumbo ta kusa karyewa, ko mu dakata da sayen Golf ɗin nan da muke tarawa kuɗi ni da yayana". Toh wallahi irin wannan maganar sak wani ya zo min da ita a 2009 ya raba ni da motoci biyu, har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina.

Lokacin kai ko rarrafe baka fara ba. Ina da Golf 3 wagon guda biyu, ɗaya fara ɗaya ruwan toka, 'yan Kwatano, da gumina na saye su. Farar nan ni na sauke injinta da hannuna na sa mata sabon ringi da gaskit, in ta tashi sai ka kara kunne a bonet kafin ka yarda tana kunne. Lahadi suna Gujungu, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, mutum goma har da buhunan gero da akuya a but, kullum da yamma direbobi su kawo min balas. Da su na rufe ɗakunan gidana da kwano.

Sai ga wani alhaji dillalin motoci daga birni, ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa kuma ya san kansa. Ya saba kawo min juyen baƙin mai, mutum mai fara'a, babbar riga da carbi, in ya zo har goro yake rabawa yaran gareji. Ranar yana zaune a kan bencin nan da kuke kwanciya a kai kuna latse-latsen waya yace min, "Malam, ina jin tausayinka ne shi yasa zan faɗa maka, yarona na Kwatano ya bugo, Jamus ta ce kowa ya fitar da tsohuwar motarsa gwamnati zata bashi kuɗi, nan da wata uku jiragen ruwa zasu cika tashar Kwatano da Golf, sai an rasa mai saye, waɗannan naka ko rabin kuɗinsu ba zasu yi ba." Ni kuma dama na ji wani abu mai kama da haka a rediyo da asuba, sai zancen ya zauna min. Yace shi zai taimake ni ya karɓa don yana da wanda zai turawa a Nijar. Taimako fa yace! Na bashi su biyun a dubu ɗari bakwai da sittin, ya ban rabi a hannu, sauran kuma sai da na yi ta sintiri birni kamar mai neman aure, yau baya nan gobe ya tafi ta'aziyya, cikon dubu arba'in har yanzu da nake rubuta maka wannan bai fito ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Bayan an gama kaka na ɗaure kuɗina a ƙugu na tafi Kwatano ina lissafin zan dawo da uku ko huɗu. Na isa filin motoci na tambayi Golf wagon, da aka faɗa min kuɗi na zaci zolaya ce. Kuɗin motoci biyun da na sayar, in aka haɗa da kwastan da direba da abin hanya, ɗaya kawai zasu kawo min gida da ɗan canji. Wani Bakano da ya daɗe a can yana fiton motoci shi ya ja ni inuwa ya saya min shayi ya warware min zancen, da ya ga idona ya kawo ruwa.

Alhajin bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa ya haɗiye rabi. Eh Jamus ta bada Yuro 2,500 ga duk wanda ya miƙa motar da ta kai shekara 9 ya sayi sabuwa, ta ware Yuro biliyan 5, motoci kusan miliyan biyu suka shiga. Amma sharaɗin shine sai an murƙushe motar an kawo takardar shaida. Murƙushewa fa, injin matsa ya mayar da ita kamar gwangwanin madara. Kuma wace mota ce ta haura shekara 9 a Jamus a 2009? Golf 3 da Vectra da ire-irensu, wato daidai motocin da muke ci da su a hanyar kasuwannin ƙauye. An dai samu 'yan wayo da suka yi takardar bogi suka sulalo da wasu Afirka, amma wannan cikin cokali ne. Ingila ma ta yi nata, fam 2,000 kan motar da ta kai shekara 10. Amurka kuwa a zamanin Obama nasu ya fi ban takaici ga bakanike, dala 3,500 ko 4,500 suke bayarwa, dala biliyan 3 ta ƙare tsakanin Yuli da Agusta, motoci kusan dubu ɗari bakwai, kuma don kar wani ya sake amfani da injin sai su juye baƙin mai su ɗura wani ruwan sinadari su tada motar su taka totur har ruwan ya daskare a ciki kamar gilas injin ya ƙame. Lafiyayyen inji fa yaro, wanda da an kawo shi kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano sai an yi rububinsa. Ranar da aka ban wannan labarin ji nayi kamar an ce an yanka saniyar tatsa an binne.

Yanzu yi lissafin da kanka tunda kun ce kun yi boko. Bature yana da tsohuwar mota da a da zai sallamawa ɗan fito a Yuro ɗari takwas yana godiya, yau gwamnatinsa ta ce ga 2,500, zai kuma kallon ɗan fito? Sai dai ɗan fito ya ƙara kuɗi, in ya ƙara kuma ba daga aljihunsa zai biya ba, kan direban Gujungu zai sauke, shi kuma ya sauke kan tsohuwar da zata kai kajinta kasuwa. Motar da ta ɗan yi sauƙi a irin wannan lokacin ita ce mai shekara ɗaya ko biyu, don sabuwa ta yi araha ta danne ta, wannan kuwa ba motarka bace ba tawa bace. Mai halin sayen sabuwa shi aka tallafawa, talakansu na can ma da ɗalibi mai neman 'yar ƙwarya-ƙwarya sun ji a jikinsu balle mu da muke ƙarshen layi.  Ba zan ɗora komai kan Jamus ba, a tsakanin nan Naira ma ta zame, dala ta tashi daga wajen 118 ta koma wajen 150, duka biyu suka haɗun min. Shi kuwa alhaji ya san duk wannan, farar Golf ɗina ko Nijar bata je ba, da idona na ganta tana lodi a tashar Ringim wata biyu bayan nan, ya sayar ya ci ribarsa.

Don haka in ka ji labarin irin wannan tsari, tambaya ɗaya ce: motar da aka karɓa, murƙushe ta ake yi ko ana barinta ta koma kasuwa? In ana bari ta koma toh zaka iya ganin sauƙi. In murƙushewa ce ka riƙe abin hannunka da kyau. Amma ku yaran yanzu kan labari kawai kuke karantawa, bidiyon minti ɗaya ya ishe ku ku yanke hukunci, ba mai haƙurin bin zance zuwa gindinsa.

Kuma ma wai tokumbo ta karye, ta ina zata shigo? A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, 2019 aka rufe bodar gaba ɗaya fiye da shekara, 2023 aka cire tallafin mai aka saki Naira, ga kwastan da dokar shekarun mota, Golf 3 kuwa rabon da a ƙera ta tun kafin 2000. Waɗanda ke ƙasa su kenan, kullum raguwa suke, wata ta yi haɗari wata 'yan gwangwan su sare ta su auna a sikeli, ai mu namu tsarin kenan, kilo-kilo. In gwamnatin nan ta ce kawo tsohuwa a cika maka ka ɗauki sabuwa, waye a duk garin nan zai iya cikon? Ko mai gari sai ya sayar da gona.

Golf ɗin da kuka gani in lafiyayya ce ku saya, kar ku jira jirgin da ba zai zo ba. Yadda ake duba inji da giya da lambar shasi da takardun kwastan ba zan tsaya faɗa maka ba, shekararka uku a garejina, in baka sani ba ka koma kiwon awaki. Abu ɗaya, kar ku yarda mai ita ya tada ta kafin ku iso, ku same ta da sanyinta da sassafe, kuma kar yayanka ya bada ko sisi sai na taka na ganta da idona.

Gobe ka zo da wuri akwai kulocin Sharon ɗin nan da zamu ɗaura, kuma sifana mai lamba 13 da ka ɗauka ranar Talata ka dawo min da ita.